Bugun da Ba a Tarewa

A Tudun Gana, can bayan Auyo, inda ruwa ke raba mutane da titi rabin shekara, babu wanda bai san wanda ya kawo ƙwallon raga ba. Badaru ne. Yana saurayi ya yi aikin lebura a wurin haƙa magudanan ruwa kusa da Haɗejiya. Da yamma ma'aikatan kamfani sukan ɗaura raga su yi wasa, shi kuwa yana gefe yana kallo, har ranar da mutum ɗaya bai zo ba aka ce ya shigo. Da aiki ya ƙare ya dawo gida da tsohuwar ƙwallo a buhu, dokokin wasan kuma a kansa. Ya kafa gwangwala biyu a filin bayan masallaci, ya ɗaura tsohon taru na kamun kifi a tsakaninsu. Tun daga ranar, duk abin da ya faɗa shi ne doka.

Dokokin ba su da yawa. Ɓangaren da ƙwallo ke hannunsa shi kaɗai ke cin maki. In ka buga ta fita, hannu kawai ka rasa, ba a ƙirga maka komai. Turmi yana ƙarewa a sha biyar. Sai babbar cikinsu, wadda ya fi ji da ita: bugun farko, wanda ake sakowa daga bayan layi, in kana da tsayi ka tare shi tun a bakin raga, ka mayar wa mai shi kayansa. Haka ya gani da idonsa, haka ya koyar. Waɗanda ya fara koya wa sun yi furfura, 'ya'yansu suka gada.

Cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa babu kamar Auta, ɗansa na ƙarshe. Auta sai ya sunkuya yake shiga zaure. Tun yana ƙarami uban yake kai shi bakin fadama, ya tsayar da shi cikin taɓo har gwiwa, ya riƙa jefo masa ƙwallo ta saman igiya.

"Tashi!" in ji shi. "Wanda ya iya tsalle a taɓo, a sandararriyar ƙasa tashi sama zai yi."

Haka kuwa aka yi. Da Auta ya girma, ba wanda ke iya tsallakar da bugun farko ta kansa. Da ƙwallo ta baro hannun mai bugu, ƙafafunsa sun bar ƙasa.

A wannan shekarar ruwa ya zo ana gab da yankan shinkafa. Ya shiga gona ya zauna har ta ruɓe a tsaye. Da ya janye, wari kawai ya bari, sai ciyawar kachala da ta ƙara toshe hanyoyin kwale-kwale. Samari irin su Rilwanu suka fara ɗaure kaya, suna tafiya ramukan zinariya na yamma. Can ne Isa, babban ɗan Badaru, ya tafi shekarun baya. Da farko yana bugo waya, daga baya wayar ta daina shiga. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo labari ba.

Wata safiya Badaru na ɗinkin komar kamun kifi a gindin tsamiya, Auta ya zo ya durƙusa.

"Baba, zan bi su Rilwanu."

"Ina?"

"Ka san inda suka tafi."

Badaru bai ɗaga kai ba. "Ramin da ya ci yayanka bai ƙoshi ba ke nan."

"To me zan ci a nan, Baba? Kachala?"

Tsohon ya ja zare ya tsinke shi da haƙori. Ya riga ya ji daga bakin Bulama, mai garinsu, cewa za a yi gasar ƙwallon raga a Haɗejiya, kuma wani koci zai zo ya zaɓi 'yan wasa, a kai su Dutse, a ba su wurin kwana da ɗan aiki.

"Ka tsaya a yi gasa," in ji shi. "In sun ɗauke ka, Dutse ga ta nan, duk Juma'a uwarka za ta gan ka. In ba su ɗauke ka ba, ni da hannuna zan tuƙa ka zuwa bakin titi."

"Ka yi alkawari?"

"Ka taɓa jin na yi magana biyu?"

Hajo, matarsa, tana bayan zana tana tsince ɗan abin da aka tsamo na shinkafa. Ta ji komai. Da ya shigo ta ce, "Malam, ka tabbata za su ɗauke shi?"

"Daga nan har Nguru babu hannu irin nasa."

"Wancan ma haka ka ce mini zai dawo."

Ba ta kama sunan ɗan farinta ba, ba ta taɓa kamawa ba. Badaru ya ɗauki buta ya fita.

Ana cikin shirin gasa Khalid, ɗan ƙanen Bulama, wanda ya yi makaranta a gari kuma yana cikin mutum shida da za su buga, ya matso da wayarsa bayan an tashi wasa.

"Baba Badaru, ka duba nan. Na kalli wasanni da yawa. Ban ga wanda ya tare bugun farko ba. Kuma maki yana tafiya ko ƙwallo na hannun wa."

Badaru bai kalli wayar ba. Khalid ɗin ya zuba wa ido.

"Wayarka ce ta kawo ƙwallo garin nan ko ni?"

"Kai ne, Baba. Amma da a tambaya..."

"Ba sa tarewa don ba su iya ba. Kai ma ka iya? Ubanka a filin nan na koya masa, bai taɓa kawo mini waya ba."

Aka yi dariya. Khalid ya mayar da wayar aljihu. Auta yana tsaye yana naɗe igiya.

Ranar gasa suka tsallaka a kwale-kwale, suka hau babura zuwa Haɗejiya. Filin wata makaranta ne. Raga fara fat, an ɗaure ta tamau a ƙarfe biyu, an ja layi da farar ƙasa. Alƙalin wasa, wani matashi siriri, yana tsaye a kan tebur da usur a wuya. A gefe an jingina allo, wani yana riƙe da alli. Ƙarƙashin darbejiya 'yan kallo sun cika, ga masu rake, ga masu ruwan leda. Kocin, wani mai ƙiba da ake kira Malam Shu'ibu, yana zaune a kan benci a inuwa.

Da 'yan Kaugama aka haɗa su. Waɗancan riga iri ɗaya, takalma iri ɗaya. 'Yan Tudun Gana kowa da abin da ya samu, biyu ma ba takalmi.

"Masunta sun iso!" wani ya yi ihu daga cikin taro. "Ku riƙe ragar da kyau, kada su jefa ta kogi!"

"Wancan dogon fa? Da shi ake tuƙa kwale-kwalen?"

Badaru ya tsaya a bakin layi ya harɗe hannu a baya. Ko gezau bai yi ba. Ya san abin da ke zuwa.

'Yan Kaugama suka fara. Mai bugu ya sako ƙwallo ƙasa-ƙasa, tana shafar saman raga. Auta ya tashi. Hannuwansa biyu suka rufe ta kamar faifai a bakin tukunya, ta koma ta daki ƙasa a gaban masu ita, ƙura ta tashi. Filin ya ɗauki sowa. Badaru ya dubi bencin koci ta gefen ido.

Usur ya yi ƙara. Alƙali ya miƙa hannu wajen 'yan Kaugama. Mai alli ya rubuta ɗaya a gefensu.

Badaru ya ɗauka ko ɗansa ya taɓa raga. "Ja baya kaɗan," ya ce. "Sake!"

Aka sake bugowa. Auta ya sake tashi, wannan karon ko iskar raga bai taɓa ba. Usur. Biyu.

Sowar ta fara juyewa dariya.

A na uku Badaru ya taka cikin fili, har gindin tebur.

"Kai ɗan nan, makaho ne kai? Ina laifinsa?"

Alƙalin ya cire usur daga baki. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona Badaru ke nan.

"Baba, ba a tare bugun farko. Laifi ne. Sai an karɓe shi a baya, a ɗaga, sannan a buga."

"Wa ya ce?"

"Doka, Baba."

"Ni na yi wasan nan da waɗanda suka kawo shi ƙasar nan. Tarewa suke yi."

"Na yarda. A da ana yi. An hana tun kafin a haife ni."

Wani daga cikin taro ya ce, "Tsoho, koma ka zauna, labarin bai ƙetare ruwa ba ne!" Aka kwashe da dariya har da tafi. Badaru ya dawo bakin layi. Bai zauna ba.

Daga baya ƙwallo ta dawo hannun 'yan Tudun Gana. Shekara da shekaru Badaru yana gaya musu, in bugu naka ne ka sake ƙarfinka duka, in ta fita ba ka rasa komai ba. Mai bugunsu ya ɗaga ya kirɓa, ƙwallo ta wuce layi ta faɗa cikin tiren mai rake. Badaru ya gyaɗa kai, hannu kawai aka rasa. Sai ya ga mai alli ya goge, ya ƙara wa Kaugama ɗaya.

"Na mene ne wannan kuma?"

Khalid ne ya amsa daga cikin fili, muryarsa ƙasa. "Duk ƙwallon da ta faɗi maki ce, Baba. Ko a hannun wa take."

Badaru ya ci gaba da ƙirga a kansa yadda ya saba. A lissafinsa wasa bai yi nisa ba, ba a fi su da komai ba. A allo kuwa an bar su can baya. Da Kaugama ta kai sha biyar, huɗu daga cikin yaransa suka sunkuyar da kai suka nufi ɗaya ɓangaren don a canza gefe. Khalid yana kiran su su dawo, ƙwallo ta sauka a fili ba kowa. Wata tsohuwa mai gyaɗa ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ashe sai ashirin da biyar ake tashi. Abin da suka zaci ya ƙare sai ya ci gaba, suka tsaya a rana suka sha sauran.

Amma duk wannan ba shi ne ya karya Badaru ba. Auta ne.

An gaya masa, ya ji, ya gyaɗa kai. Amma da mai bugu ya ɗaga hannu, ƙafafunsa sun riga shi. Yana sama yake tunawa, sai ya janye hannu, ya sauko kamar wanda aka kama da sata. Sau ɗaya ƙwallon ta goge yatsunsa duk da haka, usur ya yi ƙara. Sai ya dafe cinyoyinsa da hannu biyu, yana danne su, yana kallon ƙasa. A turmi na biyu ya daina tashi gaba ɗaya. Ɗan Kaugama ya zo ya yi tsalle a gabansa, bugu na uku, wanda kowa ke da ikon tarewa, wanda Auta zai iya rufewa ido a rufe. Auta ya ɗaga dunduniya, ya yi jim, ya juyo ya dubi ubansa. Ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa.

"Tashi!" Badaru ya daka tsawa. "Wannan naka ne!"

A bugu na gaba ya tashi. Bugun farko ne. Usur.

Daga nan Badaru ya koma kallo kawai. Ya ga ɗansa, mutumin da ya fi kowa tsayi a filin, yana tsaye a bakin raga bai san wace ƙwallo ce tasa ba. Duk tsallen da ya dasa masa a taɓo yana nan, shi ne kuma yake cin su.

Aka tashi. Ba wanda ya tsaya duba allo.

Da la'asar aka gama wasannin ranar. Malam Shu'ibu ya kira mutum biyu daga Kaugama, ɗaya daga Jahun. Ya miƙe yana kaɗe riga. Badaru bai taɓa roƙon mutum ba tun da ya yi wayo. Ko da ruwa ya ci gonarsa bai je layin rabon tallafi ba. Ya tako ya tsaya gaban kocin, ya rage tsawo.

"Malam, dogon nan ɗana ne."

"Na gan shi, Baba. Allah ya yi masa baiwa. Tsallen nan ban ga irinsa ba yau."

"To ka ɗauke shi."

"Shekarunsa nawa?"

"Ya haura ashirin da biyar."

Malam Shu'ibu ya sosa gemu. "Da yana ɗan sha biyar aka kawo mini shi, da yanzu wani zance ake. Wanda bai iya ba, koya masa ake yi. Shi ya iya, jikinsa ya riga ya haddace. Kafin in cire wancan in sa wannan, ƙafafun sun fara sanyi. Gurbi kuma uku aka ba ni."

"Laifin ba nasa ba ne."

"Na sani, Baba."

"In bai samu wannan ba, rami zai tafi. Yayansa yana can, ba mu san ko yana raye ba."

Kocin ya kawar da kai. "Allah ya tsare shi. Wallahi ba yadda zan yi." Ya kama hannun tsohon da hannu biyu, ya saki, ya tafi wurin motarsa.

Suka kama hanyar gida. Da suka shiga kwale-kwale, Khalid ya zauna can ƙarshe yana kallon ruwa. Bai ce na faɗa ba. Da ya faɗa, da Badaru ya sami wanda zai yi wa faɗa.

Hajo tana ƙofar gida. Ta dubi fuskar mijinta, ta dubi ta ɗanta, ta juya ciki. Can aka ji tana jan tsohuwar jakar buhu daga ƙarƙashin gado.

Badaru bai yi magana biyu ba. Da hantsi, ranar da aka sa, ya kwance kwale-kwale. Auta ya durƙusa gaban uwarsa, ta dafa kansa ta daɗe, ta cusa masa ƙullin busasshen kifi da garin rogo a jaka. Ba ta raka su bakin ruwa ba.

Badaru yana tsaye a baya yana dogara gwangwala. Kachala ta rufe hanya, sai ya riƙa ture ta da ƙafa. Auta ya miƙa hannu zai karɓa.

"Zauna. Na ce da hannuna."

Da suka yi nisa, tsohon ya dubi ɗansa.

"Ranar da Khalid ya kawo wayarsa, kai ma ka gani?"

"Na gani, Baba. Tun kafin ranar ya nuna mini."

"Ka yarda da shi?"

"Rabi."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

Auta ya tsoma hannu a ruwa. "Wa yake faɗa maka, Baba?"

Gwangwalar ta kafe a taɓo. Badaru ya fizge ta.

"Kuma na so a ce kai ne da gaskiya," in ji Auta. "Da na tare ta farkon nan aka yi sowa, na ce shi ke nan, wayar ce ta yi ƙarya."

A bakin titi akwai masu babura a gindin giginya. Auta ya sauka, ya rataya jaka, ya durƙusa a cikin laka.

"Ka yafe mini, Baba."

"Tashi, za ka ɓata wando." Ya dubi can gefe. "In ka ga yayanka, ka ce uwarsa tana nan."

"To."

"Kada ka shiga rami mai zurfi. Tsayinka ya yi yawa."

Babur ya tashi. Kan Auta ya fi na mai tuƙin tsawo, shi ya sa Badaru ya daɗe yana hango shi a kan titi, har kwana ta ɗauke shi.

Ya dawo shi kaɗai. Bayan la'asar ƙafarsa ta kai shi filin bayan masallaci, don nan take kai shi kullum. Waɗanda suka rage suna nan, ba su cika ɓangare biyu ba. Khalid yana riƙe da ƙwallo.

"Baba Badaru, da wace doka za mu buga?"

Duk suka zuba masa ido. Tsohuwar dokar dai ya san ta mutu, ya ga jana'izarta a Haɗejiya. Sabuwar kuwa bai san ta ba, sai gutsuren da ya tsinta a bakin yaro mai usur. Ya dubi wurin da Auta ke tsayawa a bakin raga. Ƙasar wurin ta lotsa saboda tsalle.

Ya je gindin gwangwala ya fara kwance igiya. Ƙullin ya daɗe, ya ƙi. Ya sa haƙori, ya ƙi. Ya zaro wuƙa ya yanke. Ya je ɗaya gefen ya yanke. Tarun ya zube ƙasa.

"Baba, mu fa?" wani ya ce.

Badaru ya tattara tarun ya saɓa a kafaɗa ya nufi gida. A tsakar gida ya baza shi yana dubawa, ko zai gyaru ya koma ruwa, tun da shinkafa babu. Duk inda ya ja, zaren sai ya tsinke a hannunsa. Rana ta cinye shi tuntuni.

Hajo tana bakin murhu, ba ta hura wuta ba.

"Ya hau?" ta ce.

"Ya hau."

Ya ci gaba da jan zaren, yana tsinkewa.